Ba a Cewa Da Zafi Gaban Suruki

Tirela ce ta tona asirin Hammadu. Ba don ita ba, da har yau yana nan yana ɗingishinsa a ɓoye, in an tambaye shi ya ce ƙaya ya taka.

Rugarsu tana bayan Sheda, kuma kullum da safe sai ya tsallaka babban titin Lokoja da shanu zuwa wajen kiwo. Shi ba ya kora shanu ta baya. Gaba yake shiga, sanda a kafaɗa, hannuwa rataye a kanta, ya yi kira, uwar garke ta biyo shi, sauran su biyo ta. Uwar garken nan wata tsohuwar farar saniya ce mai ƙaho ɗaya, wadda ba ta san muryar kowa ba sai tasa. Ran nan yana tsakiyar kwalta sai kwatangwalonsa na dama ya yi ƙas, ya ƙulle. Ƙafa ta ƙi gaba, ta ƙi baya. Da uwar garke ta ga ya tsaya, ita ma ta tsaya, shanu suka cika titi, ga tirela ta taho daga wajen Gwagwalada maƙare da siminti. Allah ne ya gyara, birkin direban yana ci. Tirelar ta tsaya da ƙugi da warin taya, hancinta ya kusa taɓa bayan wata karsana. Ƙanensa Maliki ne ya rugo ya cicciɓe shi ya kai gefen hanya, direba kuwa yana ta zazzaga musu ashar.

"Yaya, mene ne?" in ji Maliki.

"Babu komai. Jijiya ce ta hau."

Ƙarya yake yi. Damina biyu ke nan tun da wani bijimi ya fizge shi da igiya ƙafarsa na kafe a taɓo, ya ji wani abu ya ɓalle can cikin matsematsinsa. Tun daga ranar, tsugunno azaba, zaman tahiya azaba, juyi da sauri kuwa kamar an soka masa wuƙa. Amma Hammadu mutum ne da aka rene shi da fulako. A wajensu namiji ba ya cewa wayyo. Yana saurayi an zane shi a filin sharo, jini na bin haƙarƙarinsa yana murmushi, kuma wannan murmushin ne ya sa aka ba shi Bilkisu.

Da yamma, suna ɗaure maruƙa, Maliki ya yi magana ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Yaya, in kaka ta ƙare muka tashi tafiyar rani, wa zai shiga gaba?"

Ba da mugun nufi ya faɗa ba, amma da mari ya yi masa da ya fi sauƙi. Hammadu ya tsorata ƙwarai, tsoron da tirela ma ba ta ba shi ba. In an raba shi da gaban garke, me ya rage? Zama a inuwa da tsofaffi, ana kawo masa labarin shanunsa. Shi ya sa da Bilkisu ta ce za ta kira yayanta na Abuja, bai ce a'a ba. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

Yayan nata, Alhaji Lukmanu, babban ma'aikaci ne a wata ma'aikatar tarayya, yana zaune a bene a Garki. Mutumin kirki ne na gaske, sai dai boko ya cinye rabin fillancinsa, sanyin ofis ya ƙarasa sauran. Shi kuwa Hammadu, yayan mata suruki ne a wajensa cikakke. Ba ya kiran sunansa, ba ya haɗa ido da shi, ko ruwa ba ya sha a gabansa.

Lukmanu ya kai shi wani asibitin ƙashi, aka tura shi cikin wani dogon bututu mai ƙara kamar injin niƙa aka ɗauki hoto. Likitar da ta duba hoton sunanta Dokta Vivian, gajera ce mai hanzari, Hausarta irin ta Abuja, tana ɗingishi ta fi Hammadu. In magana ta yi tsawo sai ta koma Turanci, Lukmanu ya fassara. Ta ce kan ƙashin cinya yana juyawa ne cikin wani rami, bakin ramin kuma yana da zoben guringuntsi da ke riƙe shi. Wannan zoben ne ya tsage.

"Kamar bakin ƙwarya," in ji Lukmanu. "In ya tsage, ɗinke shi ake yi."

Sai ta ce ya hau gado ya kwanta rigingine. Ta kama ƙafar, ta naɗe gwiwa zuwa ƙirji, ta murɗa ciki. Wuta ta tashi daga matsematsinsa har ƙeya.

"Da zafi?" in ji ta.

Hammadu ya buɗe ido, ga Alhaji Lukmanu tsaye a kansa, ya sunkuyo, tabarau a hanci, yana kallon fuskarsa cike da tausayi.

"Babu komai."

Ta sake murɗawa. Gumi ya keto masa.

"Oga Hammadu, ka faɗi gaskiya fa. Ƙafa naka yana zafi ko ba ya zafi?"

"Da sauƙi," in ji shi, har da ɗan murmushin nan na filin sharo.

Ta saki ƙafar ta koma kujerarta. Ta ce mutane da yawa suna da irin wannan tsagar a hoto, kuma ba ta damunsu har su mutu. Ita ba hoto take yi wa aiki ba, ciwo take yi wa. Tunda babu ciwo, ga ƙwayoyi, ga wasu motsa jiki da za a koya masa, ya koma gida. Lukmanu ya yi ta hamdala a mota, yana cewa an tsallake wuƙa. Hammadu ya amsa da "Alhamdu lillahi," amma a baki kawai. Ƙofa ɗaya ce Allah ya buɗe masa, kuma da bakinsa ya rufe ta.

Ya koma ruga ya sha ƙwayoyi, ya yi motsa jikin yadda aka nuna masa, a bayan bukka inda babu mai gani. Makonni suka shige, ƙafa tana nan jiya i yau. Maliki ne ke tsallakar da shanu yanzu, da duka da ihu, don uwar garke ba ta yarda ta bi shi. Hammadu kan tsaya daga nesa yana jin ƙarar sanda a jikin shanunsa, kowane bugu kamar a gadon bayansa.

Bilkisu ce ta gano bakin zaren. Wata rana da hantsi ta kira yayanta, ta sa wayar a babbar murya tana kaɗa nono, ta san sarai mijinta na jin ta.

"Yaya Lukmanu, da likitar take murɗa ƙafar, kai kana ina?"

"Ina tsaye a kansa mana. Ni ke fassara."

"Innalillahi! Yaya, Abuja ta gama da kai. A gabanka zai ce da zafi? Mutumin da ko ruwa ba ya sha in kana wurin?"

Can sai ga muryar Lukmanu a sanyaye.

"Subhanallahi. Ki ce masa jibi zan zo in ɗauke shi."

Da suka koma, Dokta Vivian ta ce akwai gwajin da zai raba gardama. Za ta murɗa ƙafar ya faɗi yadda ya ji, sannan a yi masa allurar kashe zafi a cikin gaɓar kanta, ta sake murɗawa. In ciwon ya ɓace, to daga nan yake fitowa. Amma in bai faɗi gaskiya a murɗar farko ba, allurar ba ta da amfani.

Lukmanu ya miƙe, ya ɗauki kujerarsa, ya juya ta ta fuskanci bango, ya zauna ya ba su baya.

"Malam Hammadu," in ji shi, yana kallon fenti, "yau ba ni a ɗakin nan. Muryar da za ka ji tana fassara, rediyo ce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Likita ta kalli ƙeyar Lukmanu, ta kalli Hammadu. Ta kama ƙafar ta murɗa.

"Da zafi?"

In ka ce ai yanzu abin ya zo da sauƙi, to ba ka san fulako ba. Bayan suruki ma suruki ne, kunnuwansa na nan daram. "Babu komai" ta riga ta hau harshen Hammadu, ta saba da hanya. Sai ya tuna uwar garke tsaye a tsakiyar kwalta, tana jiransa, tirela na tahowa.

"Da zafi," ya ce, da murya ƙasa-ƙasa kamar mai amsa laifin sata.

Daga nan kuma bakin ya ƙi rufuwa. Ya faɗi bijimi da igiya. Ya faɗi yadda yake jinkirta sallama a salla don ya rasa yadda zai tashi. Ya faɗi yadda yake cizon rawaninsa in zai tsuguna. Rediyon da ke fuskantar bango yana ta juyawa zuwa Turanci, har ya tsaya ya yi gyaran murya ya ci gaba.

Aka yi allurar. Bayan ɗan lokaci ta sake murɗa ƙafar, Hammadu ya yi jiran wutar, ba ta zo ba. Ya sauko daga gado ya tsuguna har ƙasa, ya miƙe, ya sake tsugunawa. Ya manta rabon da jikinsa ya yi masa biyayya haka. Daɗi ya kama shi har ya ji ƙwalla.

"Kar ka yi murna tukuna," in ji likita. "Zuwa yamma zai dawo."

Sai ta shimfiɗa masa maganar ba ɓoye-ɓoye. Ana iya yin aiki: a sa shi barci, a yi ƙananan huda, a zura na'ura mai ido a ɗinke tsagar. Mafi yawan mutane suna samun sauƙi, amma ba kowa ke komawa daidai ba, kuma ba za ta yi masa alkawari ba. Bayan aiki sai sandunan asibiti na makonni, ba tsugunno, ba tanƙwashe ƙafa, doguwar tafiya kuwa sai bayan kamar wata shida. Ko kuma ya haƙura da aikin, ya ci gaba da lallaɓa ƙafar yadda take.

"A tambaye ta tafiyar rani," in ji Hammadu. Lokacin damina ta yi tsakiya.

Ba ta ma jira fassara ta ƙare ba. "Bana ba tafiya. In ka yi, ɗinki zai iya ɓallewa."

Gaba kura, baya sayaki. In ya ƙi aiki, ƙafa za ta sake ƙullewa a kan titi, kuma ba kullum birki ke ci ba. In ya yarda, a kwantar da shi kamar ragon layya, ko ya farka ko kada ya farka. Ya san wani mutumin Kwali da ya shiga asibiti da ƙafa biyu ya fito da ɗaya. Lukmanu ya ce wancan ciwon suga ne, ba irin wannan ba, amma tsoro ba ya jin bayani. Hammadu ya ce a ba shi lokaci.

Lokacin bai wuce la'asar ba. Yana hawa benen Lukmanu, a tsakiyar matakala, allura ta sake shi, wuƙar ta dawo wurinta. Da bai ɗanɗana yinin nan na lafiya ba, da wataƙila ya jure. Ya jingina da bango yana numfashi. Lukmanu na gabansa da makulli a hannu, bai waiwayo ba.

"Alhaji," in ji Hammadu, "a ce mata ta ɗinka."

A ransa kuwa ya ƙulla wata. Wata shidan nan na mutanen ofis ne, masu jikin burodi. Shi da aka haifa a bayan saniya, kafin a gama girbin dawa ya warke, kuma shi zai shiga gaba.

Ranar aikin ya shiga yana karanta duk addu'ar da ya sani, a ƙarƙashin zanen asibiti. Da ya farka, abu na farko da ya yi shi ne ya ɗaga zanen ya ƙirga ƙafafunsa. Suna nan biyu.

Jinya ta fi aikin wuya. Mutumin da ya saba yini a daji, ga shi a ɗaki ɗaya a Garki, yana salla a kujerar roba, yana tafiya da sanduna biyu kamar maraƙin da aka haifa yau. Abin kunya kuwa babu irin wanda bai gani ba. Lukmanu ne ke ɗaga masa ƙafa ya sa a mota, shi ke sa masa takalmi, dukansu biyu suna kallon wani wuri daban. A ɗakin gashin ƙashi aka ɗora shi kan keken da ba ya zuwa ko'ina, ya yi ta tuƙawa yana kallon bango. Dokar wurin guda ce, kuma ita ce wadda ya fi ƙi: in ka ji suka a matsematsi, ka tsaya, ka faɗa. Kowane ɗan ƙas da gaɓar ta yi sai ya ce shi ke nan ɗinki ya tafi. Wani lokaci Maliki kan kira shi da safe ya miƙa wayar wajen garke don ya ji kukan shanu, shi kuma ya kasa cin abinci ranar.

A hankali aka karɓe sanda ɗaya, aka karɓe ta biyu. Ya koma ruga yana tafiya ba ɗingishi, yana zagaya garke safe da yamma. Ganinsu na ƙarshe kafin ya taho, Dokta Vivian ta nuna shi da biro.

"Oga Hammadu, ƙafa yana kyau. Amma ƙwarya da aka ɗinka, ba a cika shi da nono rana ɗaya. Ka ji ko?"

Ya ce ya ji.

Aka gama girbi, ciyawa ta bushe, aka sa ranar tashi. Mazan ruga za su yi kudu da shanu, tafiyar kwanaki, mata da tsofaffi su zauna. Lukmanu ya zo da sassafe yin sallama, ya ajiye motarsa a gindin ɗorawa. Yana fitowa ya ga Hammadu ya sha ɗamara, gora a rataye, sanda a kafaɗa. Ya kalli ƙanwarsa. Bilkisu ta sunkuyar da kai, idanunta sun yi ja, alamar an riga an yi maganar kuma ba ta ci nasara ba.

Hammadu ya yi kira. Uwar garke ta ɗaga kai, ta ratso shanu ta zo ta tsaya a bayansa, sauran suka jeru. Ya taka, suka taka. Wayyo daɗi! Ƙarar kofatai a bayansa, numfashin saniya a gwiwar hannunsa, ƙafa na ɗaukarsa ba gardama. Maliki na gefe da sauran maza, Lukmanu na biye da takalminsa na ofis yana tuntuɓe da kututturen dawa. Hammadu ya ce a ransa, ashe likita ma tana kuskure.

Kafin a hau titi akwai ɗan tudu mai tsakuwa. Yana tsakiyar hawa ya ji ta. Ba tsohuwar wuƙar ba ce, 'yar suka ce siririya, can ciki, daidai inda aka ɗinka. Ya ƙara taku, ta ƙara. Ko titi ba a kai ba, ga tafiyar kwanaki a gaba, ga duwatsu, ga rafuka. Zai iya shanyewa, wannan ba a tambaya, ya shanye abin da ya fi haka. Babu wanda zai gani a fuskarsa. Sai dai in ɗinkin ya ɓalle a daji, ba bana kaɗai ya rasa ba.

Ya tsaya. Uwar garke ta tsaya. Garke duka ya tsaya, maza suka zuba masa ido.

Lukmanu ya iso yana haki. Kallo ɗaya ya yi masa ya gane, sai ya soma juyawa zai ba shi baya, kamar yadda ya yi a asibiti.

"Alhaji, ba sai ka juya ba," in ji Hammadu. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ƙafata da zafi. Bana ba zan je ba."

Wasu suka kalli ƙasa don su rage masa nauyi. Ya sauke sandar daga kafaɗa ya miƙa wa Maliki.

"Shiga gaba. Kada ka dake ta, kira za ka yi. In ta ƙi, ka jira ta."

Maliki ya karɓa da hannu biyu, ya hau tudun, ya yi kira. Uwar garke ba ta motsa ba. Ya sake kira, ta juyo da ƙahonta ɗaya tana kallon Hammadu. Muddin yana tsaye a gabanta, babu inda za ta. Sai Hammadu ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya san kansa: ya zagaya ya koma bayanta. Ya dafa ƙugunta da tafin hannu, ya tura a hankali.

"Je ki," ya ce. "Bi shi."

Ta yi jim, sannan ta taka. Shanu suka ratsa ta gefensa, dama da hagu, suna gogar rigarsa, suka hau titi bayan Maliki. Hammadu bai ɗauke ido daga kwaltar ba, yana duban gabas yana duban yamma, har wutsiyar ƙarshe ta sauka a ɗaya gefen.

"In kawo mota?" in ji Lukmanu.

"A'a. Ba nisa."

Ya ɗaga hannu ya dafa kafaɗar surukinsa, suka juya gida a hankali.